Kafin Mu Sayi Sabuwar Ripita

Masu gadin kasuwarmu na kukan oba-obansu ba ya kaiwa bakin gada, har ana maganar karo-karo don sayo ripita mai ƙarfi. Ni dai ban goyi baya ba. Siginar oba-oba kusan a miƙe take tafiya, bene na tare ta, don haka tsayin eriya ya fi ƙarfin na'ura amfani. A ɗaga eriyar saman tankin ruwa, a duba mahaɗin wayarta, domin ruwan damina na shiga ya kashe sigina. Kuma ripita da mita ɗaya take karɓa, da wata take aikawa, sai an saita wa kowane oba-oba duka biyun. Kuɗin a zuba shi a batir da sola, tunda da an ɗauke wuta ɓarayi ke shigowa.