Kuɗin fanshonmu da akwatin zaɓe

Idan aka ce fansho, abin da ke zuwa ran yawancinmu shi ne tsoho a layin banki ƙarshen wata. Ba mu cika tambayar inda kuɗin ke kwana ba tsawon shekarun da ma'aikaci ke zubi. To ni kam na fara tambaya, tunda na ga yadda gumin ma'aikata ke iya ƙarewa a hannun masu neman murɗe zaɓe.

Bari in fara da jihar Oregon ta Amurka. A 2017, asusun fanshon ma'aikatan gwamnatin jihar ya zuba dala miliyan 233 a wani kamfanin jari mai suna Novalpina. A 2019 Novalpina ya sayi kaso mafi tsoka na kamfanin NSO na Isra'ila, mai manhajar leƙen asiri ta Pegasus, wadda ke shiga wayar mutum ta kwashe saƙonninsa bai sani ba. A wannan shekarar aka yi zaɓe a Poland, kuma daga baya masu bincike na Citizen Lab suka gano an kutsa wayar Krzysztof Brejza, jagoran kamfen ɗin 'yan adawa, da Pegasus sau 33. Malamin makaranta a Oregon bai san hawa ba bai san sauka ba, amma da kuɗinsa a ciki.

Kada wani ya ce abin na nesa ne. A nan Ghana, gabanin zaɓen 2016, an biya dala miliyan 4 don sayo na'urorin NSO, aka ce don yaƙi da ta'addanci ne. A Mayun 2020 kotu a Accra ta ɗaure tsofaffin manyan jami'ai uku kan asarar da cinikin ya jawo wa ƙasa.

Namu asusun fa? Dokar fansho ta 2008 ta ce a yanki kashi 5.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, mai gidansa ya ƙara kashi 13, kuma mafi yawan kuɗin SSNIT ke riƙewa tana juya su. A 2024, shekarar zaɓe, SSNIT ta shirya sayar da kashi 60 na hannun jarinta a otal-otal huɗu, har da Labadi Beach, ga Rock City, kamfanin Bryan Acheampong, wanda a lokacin ministan noma ne kuma jigo a jam'iyya mai mulki. SSNIT ta ce tayinsa ne ya fi na kowa, shi ma ya ce bai karya doka ba. Sai da ƙungiyoyin ƙwadago suka sa ranar yajin aiki, 15 ga Yuli, sannan aka fasa cinikin.

Ban ce an saci ko pesewa ɗaya ba. Abin da nake cewa shi ne, a Oregon da Accra hujjar masu riƙe da asusu ɗaya ce: riba. Riba kuwa ba ta tambayar wa zai ƙara ƙarfi bayan ciniki. Idan kadarar ma'aikata ta koma hannun ɗan siyasa wata biyar kafin zaɓe, ko da farashin ya yi daidai, an ƙara wa ɓangare ɗaya nauyi da dukiyar da magoya bayan kowace jam'iyya suka tara. Kuma tunda shugaban ƙasa ke naɗa hukumar SSNIT, ko NPP ke mulki ko NDC, ƙofar a buɗe take.

Mu mutanen Zango abin ya shafe mu kai tsaye. Tun 2023 SSNIT ke kiran masu sana'ar kansu, mahauta, teloli, direbobi da matan kasuwa, su shiga ta shirin SEED. Shawara ce mai kyau, ni ma ina goyon baya. Amma wanda aka ba amana dole ya faɗi inda ya ajiye ta.

Saboda haka ina ganin abu uku ya kamata mu nema: a haramta sayar da kadarar asusun ga minista ko ɗan majalisa mai ci, a riƙa bayyana sunan ainihin masu kamfanin da za a yi ciniki da shi kafin a sa hannu, sannan a dakatar da manyan cinikayya a shekarar zaɓe. Duk ɗan takarar da ya shigo Nima ko Aboabo neman ƙuri'a, mu tambaye shi ko zai kai wannan doka majalisa.