Sauya Tsohon Labari Ba Cin Amana Ba Ne

Opera wani nau'in wasan kwaikwayo ne da ake rera maganganun cikinsa tare da kiɗa. A shekarar 1649 aka fara nuna wata opera mai suna Giasone a birnin Banis na ƙasar Italiya. Cicognini ne ya rubuta ta, Francesco Cavalli kuma ya yi mata kiɗa. Tushenta shi ne labarin Jason, jarumin Girkawan dauri wanda ya ƙetare teku domin ɗauko buzun rago na zinariya, wata gimbiya mai sihiri, Medea, ta taimake shi.

A wasan da Euripides ya gabatar a shekarar 431 kafin Miladiyya, Medea ta kashe 'ya'yanta saboda Jason ya juya mata baya. Cicognini bai bi wannan turba ba. Ya mayar da jarumin mutum mai son jiki, wanda ya rasa tudun dafawa tsakanin mata biyu. Ya sako wani bara mai in'ina domin ban dariya, sannan ya rufe wasan da sulhu. A shekarar 1700 manazarci Crescimbeni ya soki wasan da cewa ya cakuɗa sarakuna da wawaye, ya zubar da martabar adabi.

Idan aka yi la'akari da masu kallo, wannan suka ta wuce gona da iri. Gidan San Cassiano, inda aka nuna wasan, an buɗe shi a 1637 ga duk wanda ya iya biyan kuɗin shiga. Ke nan, ba 'yan fada kaɗai ake yi wa wasa ba. Ta wannan sauyi ne labarin ya isa ga jama'a, har Giasone ta zamo cikin operorin da aka fi nunawa a ƙarni na 17. Hasali ma Girkawan kansu ba su taɓa tsayawa kan ruwaya ɗaya ba.

Gaskiyar masu suka ita ce, wanda bai san asalin labari ba zai ɗauki kwaikwayon a matsayin tushe. Saboda haka, malamin da zai mayar da tatsuniya ko tarihi wasa a aji yana da damar sauyawa, amma wajibi ne ya fara sanar da ɗalibai asalin, kana ya nuna musu abin da aka sauya da dalilin sauyawar.