Wa Ya Tanadi Tiyar Ƴan Tashe?

A ƙasar Amurka da ta Faransa akwai wata sana'a wadda ya kamata ɗan kasuwar Madawa ya ji labarinta, ko da ba zai taɓa zuba jarinsa a cikinta ba. Kamfanin Disney, wanda ya buɗe filin wasanninsa na farko a Kalifoniya ranar 17 ga Yuli 1955, na biyu a Fulorida cikin 1971, sa'an nan na kusa da birnin Paris ranar 12 ga Afrilu 1992, ya daɗe da gane cewa yaro ba ya ƙoshi da hangen dodon wasa daga nesa. Saboda haka aka ware waɗansu gidajen cin abinci a cikin filayen da otel-otel ɗinsu, inda iyali za su zauna, ana cikin ci sai ga Mickey, ɓeran nan mai faka-fakan kunnuwa, ko agwagwa Donald, ko wata budurwa cikin kayan gimbiyar tatsuniya, suna bin teburori ɗaya bayan ɗaya. Kowane teburi rabonsa ƴan mintoci ne: a rungumi yaro, a sa masa hannu a ɗan littafinsa, a ɗauki hoto, a yi gaba. Wanda ke cikin kan ɓeran ba ya cewa uffan, dokar aikin ke nan. Da hannu da kaɗa kai yake gaisuwa.

Abin da ya fi wasan kansa ban mamaki shi ne shirin da iyaye ke yi masa. A Fulorida kwana 60 kafin ranar ake buɗe rajistar teburori, kafin shekarar 2020 ma kwana 180 ne, wato wata shida cur mutum na sane da inda zai ci abincin rana da ƙarfe nawa zai ci shi. Teburin da ake rububi, kamar na cikin fadar gimbiya Cinderella, tun ranar rajista ake biyan kuɗinsa, a sauran kuwa wanda ya kama wuri bai zo ba ana cire masa tara. Uwa takan zauna da takarda da alƙalami tana auna sa'ar barcin ƙaraminta, da wanda ke tsoron dodo cikin ƴaƴan, da ko karin kumallo ya fi araha bisa ga abincin dare. Shi kansa kamfanin ya sha darasi a Faransa: ya buɗe filinsa da dokar hana giya irin ta Amurka, sai da ya janye ta a 1993, kuma ya tarar Turawan wajen kusan duka a sa'a guda suke son cin abincin rana. Ashe ko mai dukiyar Disney, in bai san cikin baƙonsa ba, tukunyarsa tana ba shi kunya.

Kuɗin fa? A gidan abincin gimbiyoyi na filin Paris, kason babba guda a shekarun nan ya haura Yuro 80, sama da jika 52 ke nan na kuɗin sefa, ban da tikitin shiga filin. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yanke a Nijar tun Janairun 2024 jika 42 ne. Ke nan faranti ɗaya da hoto ɗaya sun cinye watan lebura har da ƴan kwanaki, tun ba a lissafa na yaran da aka je dominsu ba.

Dalilin kawo wannan labari gaban mutanen Adar da Gobir Tudu shi ne, abin da Ba'amurke ke biya da tsada haka, magidancin Buza ko na Keita ya gaje shi tun kaka da kakanni, har ƙofar gida ake kawo masa, kuma a daidai lokacin da iyali suke kewaye da akushi. Idan azumi ya kai kwana goma, an sha ruwa, an ci ƙosai da kunu, an dawo daga asham ana jan tuwo, sai a ji kiɗan gwangwani daga bakin zaure. Ƴan tashe ne. Ga yaro ɗan shekara goma ya manna gemun auduga, ya cusa tsumma a baya ya yi doro, yana dogara sanda yana tari kamar tsohon da ya ga jikokin jikoki. Ga wani ya rataya saiwoyi da ƙulle-ƙulle, shi ne Jatau Mai Magani, wanda babu cutar da ba ya warkarwa da baki. Ƴan mata kuma nasu daban: a kifa ƙwarya a ruwa ana kaɗawa, ɗaya ta sa riga da hula ta zama maigida, ɗaya ta zama amarya, a kwaikwayi zaman aure da ladubbansa a gaban waɗanda suka san shi ciki da waje. Gwauro ma ba ya tsira. A birnin Kano har sarauta aka yi wa abin, ta Nalako, sarkin gwagware. Sunan wasan kansa daga tayar da mutane sahur ya samo asali.

Kada a ɗauka ƙaramin abu ne da bai wuce unguwa ba. Fatake Hausawa sun kai shi har Wagadugu tun ƙarni na 19, inda ya zauna da sunan Dodo, yara suna sassaƙa ƙwarya su yi kawunan namun daji suna rawa cikin dararen azumi, har hukuma ta riƙa shirya masa gasa. A Yamai ƴaƴan Zabarmawa suna da nasu mai kama da shi.

In an aza biyun a sikeli, bambancin da ke tsakaninsu ya wuce na kuɗi. A teburin Disney yaro ɗan kallo ne, babba ne ke cikin kayan, albashi ake biyansa, kuma an hana shi faɗin abin da zai ɓata wa mai biya rai. A tashe yaron ne da kansa ke bayan gemun, shi ya nemo audugar, shi ya shafa gawayin, shi ya haddace waƙar, kuma bakinsa a buɗe yake. Yana iya tsayawa gaban Alhaji mai shago uku ya kwaikwayi marowaci, ko gaban malam ya kwaikwayi malamin da aka kama yana rawa, Alhaji ya yi dariya ya sa hannu aljihu. Wata guda ne cikin shekara da ƙasar Hausa, mai tsananin kunya tsakanin babba da yaro, take ɗaga wa yaro ƙafa ya nuna wa manya hotonsu. Sa'an nan babu tikiti a bakin ƙofa. Gidan mai gadi da gidan wanda ake yi wa gadi, ayari ɗaya ne ke shiga duka biyun, kowa ya bayar daidai ƙarfinsa, wanda ba ya da shi ya ce Allah ya ba da haƙuri, a wuce ba tare da an ci masa fuska ba.

To amma a nan ne Ba'amurkiyar nan mai takarda da alƙalami ta fi magidancin Adar. Ita ta san ranar, ta ware kuɗin, ta shirya yaran. Shi kuwa, in watan Sha'aban ya kama, lissafinsa ya cika ya batse: kwalin sukari na gidan surukai, buhun gero, shinkafa, man girki, ƙanƙara, ɗinkin Salla na yara da na uwarsu, zakkar fid-da-kai. Ma'aikacin gwamnati yana jera su a bayan takardar albashi, ɗan kasuwa yana jera su a ka. Cikin wannan dogon jeri da wuya a sami layin ƴan tashe. Sai daren sha ɗaya ya yi, yara su yi sallama, maigida ya laluba aljihu ya tarar da takardar jika biyar kaɗai, babu canji, uwargida kuma ba ta ware ko ƙwaryar hatsi ba, sai a aika ƙaramin gida ya ce musu ana barci. Yaran da aka kora daga gida biyar a jere, gobe ba za su ɓata audugarsu ba. Babu wanda ya hana wasan a irin wannan unguwa, rashin shiri ne yake kashe shi sannu a hankali, tare da tele da salula da suka riƙe idon kowa bayan shan ruwa, da kuma sabon gini mai dogon bango da ƙofar ƙarfe wanda kiɗan gwangwani ba ya ratsawa.

Alhali kuwa tanadin bai taka kara ya karya ba. Tiya ɗaya ta gero da aka ware tun farkon wata, da jika guda da aka canza tun da rana a wajen mai tebur zuwa dala biyar-biyar da dala goma-goma, sun isa gida matsakaici ya sallami ayari da yawa cikin kwana goman da wasan ke ɗauka. Wanda Allah ya buɗa wa, ya ƙara da dabino ko ragowar ƙosai. A shekarun 2023, 2024 da 2025 azumi cikin watan Maris ya kama, daidai lokacin da albasar fadamar Tarka ke fitowa, manyan motoci suna lodi a bakin babbar hanyar da ta ratsa Madawa zuwa Ƙonni da Maraɗi. Wanda ya sayar da buhu ɗari a irin wannan lokaci ba zai ce dala ashirin ta gagare shi ba. Matsalarsa dai ba ya da ita a aljihu a sa'ar da ake bukatarta.

Akwai kuma shirin da ya wuce na aljihu. A share ƙofar gida, a kunna fitila ko a fito da ta hannu in kuran ya ɗauke, a ɗaure kare, a shimfiɗa tabarma, Madawa dai ba ta rasa tabarmar kaba ba. A fito da ƙananan yara su zauna kusa da uwarsu, domin ɗan shekara biyu da ya ga fuska baƙa ƙirin da gawayi cikin duhu zai tsala ihu, kamar yadda takwaransa na Fulorida ke yi in ƙaton ɓera ya sunkuyo kansa. A bar masu wasa su kai ƙarshen wasansu kafin a miƙa musu abin da za a miƙa. Wanda ya jefa musu kuɗi tun daga bakin zaure don su tafi, sadaka ya yi, amma ya mayar da su mabarata, kuma su ma sun gane.

Masu ƙorafi a kan tashe suna da hujjarsu, bai kamata a yi kamar ba a ji ba. Malaman lakwal suna ganin masu gyangyaɗi a aji da safe. Iyayen ƴan mata suna tsoron dare da ƴan kabu-kabu masu gudu ba fitila. A Kano, a 2022, ƴan sanda sun dakatar da tashe baki ɗaya saboda ɓata-gari da ke fakewa da shi suna ƙwace da sare-sare, aka kuma maimaita hanin a shekarun da suka biyo baya. A kudancin gundumar Madawa, wajen Bangi, inda mutanen jihar Sakkwato da suka gudo wa ƴan bindiga suka sami mafaka, fitar yaro da dare ba abin wasa ba ne. Sai dai garuruwan Buza da Keita da unguwannin Madawa ba su kai girman Kano ba, kowa ya san ɗan wane ne ke bayan kowane gemu. Mai unguwa da iyaye suna iya yanke sa'ar tashi, a ce ƙarfe goma kowa ya koma gida, a haɗa kowane ayarin ƴan mata da yayansu ko wata babba, a hana riƙe sanda mai kauri da duk wani ƙarfe. Wannan aikin zama ɗaya ne a ƙofar masallaci kafin azumi ya kai goma.

Ya kamata a tuna da wani abu game da Adar musamman. Ƙasa ce ta masu tafiya bida. Da an gama girbi, maza da yawa sun kama hanyar Abijan, ko Nijeriya, ko Libiya, su bar mata da tsofaffi da yara. Matan nan ne suka ɗauki duwatsu a ka lokacin babban aikin raya karkara na Keita da aka fara a 1984 da taimakon Italiya, kuma su ne ke riƙe da gidaje a yawancin dararen azumi. Gidan da maigida ke nesa, babu mai ɗaukar yaransa ya kai su gidan kallo na Yamai ranar Salla su ga zaki da ƙasusuwan dabbobin da, balle gidan zu na Kano. Wasan da ke shigowa har tsakar gida shi ne rabonsu. Mai aiko da kuɗin azumi daga Abijan yakan lissafa wa matarsa ta salula: na sukari kaza, na ɗinki kaza, na tsohuwa kaza. Jika guda ta ƴan tashe za ta shiga wannan lissafi ba tare da ta rage wa kowa komai ba.

A manyan birane an fara ganin kayan Mickey na soso, waɗanda ake haya domin bikin zagayowar haihuwar ƴaƴan masu hali ko wasannin Salla, wani saurayi yana ciki yana haɗa gumi. Ba laifi ba ne, mai kuɗi da abinsa, kuma ba mamaki wani ɗan kasuwar Madawa ya sayo nasa daga Kano ya riƙa bayarwa haya. Sai dai ya yi lissafin zafin Afrilu a Adar, inda awo ke wuce 40, kafin ya rufe ɗan mutane cikin soso da tsakar rana. Can Fulorida ma ba a barin mai kayan ya daɗe a rana sai an shigar da shi ya huta. Audugar gemu kuwa ta dala biyar ta isa yaro uku.