Wa Zai Riƙe Mata Goyon?

Masu iya magana sun ce taura biyu ba ta taunuwa. To amma mu a yau mun ɗura wa 'ya'yanmu mata taura biyu a baki, mun koma gefe muna kallo, wadda ta kasa taunawa mu ce ragguwa ce. Taura ta farko ita ce rainon 'ya'ya, ta biyu kuwa neman abin sakawa a bakin salati. Muna magana ne a kan uwar da ta yi karatu, ta yi bautar ƙasa, takardunta na kwance a ƙasan akwati, ga goyo a baya ga wani a hannu, tana neman aikin da zai bar ta ta shayar da ɗanta, ta rasa. Irin waɗannan mata suna nan da yawa a unguwanninmu na nan Kudu, tun daga Agege da Idi-Araba a Ikko har zuwa Sabo ta Badun, kuma wasunsu daga azuzuwanmu suka fita.

Da zarar an ta da maganarsu sai jama'a su rabu gida biyu. Waɗansu su ce ta zauna ta yi tarbiyya, ai ciyarwa ta miji ce. Waɗansu kuma su ce ta tashi ta nemi na kanta, zamani ya canza. Abin mamaki, duk cikinsu babu mai miƙo hannu ya ce kawo yaron in riƙe miki. Ga 'yan rukunin farko muna tambaya: tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, gida nawa ne albashin mutum ɗaya ke riƙewa? Naira 70,000 da aka tsayar a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi, ina za ta kai mai iyali a Ikko? Wadda mijinta ya rasu fa, ko wadda aka sako da 'ya'ya, wane miji za ta jira? Ga 'yan rukuni na biyu kuwa, sai mu ce su zo mu yi lissafi. Aikin ofis ƙarfe takwas na safe ake buɗe shi, wanda ke zaune Agege kuma yana aiki a tsibirin Ikko tun da asuba yake barin gida saboda cunkoson motoci, ba ya dawowa sai bayan magariba. A ɗebe kuɗin danfo daga albashin malamar makaranta mai zaman kanta, a ɗebe kuɗin gidan raino, abin da ya saura bai taka kara ya karya ba. Wannan ma sai idan an ɗauke ta ke nan, domin sau da yawa da zarar masu ganawa sun ji tana da ƙaramin yaro sai su ce ta je za a neme ta, neman da ba a yi har abada.

Ya kamata mu tuna cewa uwar Bahaushe ba ta taɓa yin raino ita kaɗai ba. A gidan gandu akwai kaka, akwai gwaggo, akwai matan wa da na ƙane, ga abokiyar zama da ake karɓa-karɓar girki da ita. Mai haihuwar fari gida take zuwa wankan jego har ta yi arba'in, idan lokacin yaye ya yi a kai yaro wurin kakarsa, wata 'yar'uwa kuma ta ɗauki wani riƙo. Shi ya sa ake cewa ɗa na kowa ne. Cikin wannan rufin asiri ne mata suke sana'arsu a tsakar gida: fura, ƙosai, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, saƙa da kitso. Amma kada daɗin labari ya ɗebe mu. Abner Cohen, wanda ya buga nazarinsa a kan Hausawan Sabo ta Badun a 1969, da Enid Schildkrout wadda ta yi nata a Kano cikin shekarun 1970, duk sun nuna cewa cinikin matan kulle a kan ƙafafun yara yake tafiya. Wato dai yarinya mai faranti a ka ita ce ke biyan kuɗin sana'ar uwarta, da karatunta take biya. Mu da muka yo Kudu, mun baro kaka da gwaggo a Katsina da Sakkwato, mun shiga ɗaki ɗaya a gidan haya, amma farantin talla mun taho da shi. Mun yar da mai kyau, mun riƙe maras kyau.

Mu 'yan boko kuwa sai muka ƙirƙiro tamu dabarar, wadda ta fi talla muni. Idan matar ɗayanmu ta sami aiki, sai a aika ƙauye a ɗauko 'yar shekara goma a ce 'yar aiki ce, a ɗora mata goyon da ya kusa rinjayarta, ita ce wanke-wanke ita ce shara, 'ya'yan gida su tafi makaranta ita tana ɗaga musu hannu. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana sanya yaro aikatau a wajen gidansu, ta kuma hana ɗora masa talla, mun kuwa san da haka sarai. Ashe tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri: domin mace ɗaya ta mori iliminta, an hana wata samun ilimi ɗungurungum. Laifi tudu ne, kafin mu hango na mai tuyar awara da ta tura 'yarta tasha, mu dubi wanda muke takawa.

To ina hukuma? Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 12, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida a bakin aiki, ya kuma ba mai shayarwa rabin sa'a sau biyu a yini domin ta ba ɗanta nono. Madalla. Amma jaririn da aka baro Agege, uwarsa tana tsibiri, da wane rabin sa'a za ta iske shi? Gwamnatin Jihar Legas ta ƙara wa ma'aikatanta mata hutun zuwa wata shida a 2014, Gwamnatin Tarayya kuma ta amince wa ma'aikata maza hutun kwana 14 a 2021. Duk wannan na wanda ya riga ya sami kujera ne, alhali alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2023 sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya ba su ƙarƙashin irin wannan tsari. Bugu da ƙari, a ƙarshen 2020 hukumar ta ce marasa aikin yi sun kai kashi 33.3 cikin 100, amma da ta sauya ma'auni sai adadin ya faɗo zuwa kashi 4.1 a farkon 2023, domin a sabon lissafi duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na sa'a ɗaya a mako ma'aikaci ne. Ke nan mai digirin da ta yi wa maƙwabciya kitso ranar Asabar ta sami aiki! Wadda kuwa ta gaji ta daina nema saboda babu mai riƙe mata yaro, ba ta cikin masu aiki, ba ta cikin marasa aiki. An share ta daga littafi.

Masu fakewa da addini su yi hattara, domin addinin bai goyi bayan sakacinmu ba. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ɗora wa uba ci da tufatar da mai shayarwa, aya ta 6 ta Suratuɗ Ɗalaƙ kuma ta yi umurnin a biya wadda aka saka ladan shayar da ɗan da ta haifa da cikinta. Ashe tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce an ƙidaya raino cikin ayyuka masu lada a hannu, mu ne muke kiran mai yin sa da cewa ba ta aikin komai. Haka nan ya inganta cewa Manzon Allah (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama. To daga ina magidancin da ke zaman kashe wando ya samo kunyar riƙon ɗansa? Matarsa ta sami aikin rabin yini a asibiti ko makaranta, shi yana majalisa yana dara, amma sai a bar aikin ya wuce don kada abokai su ce da shi mijin-ta-ce. Wannan girman kai ne mai kwana da yunwa.

Marubutanmu mata sun riga mu ganin wannan. A cikin Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, an kori Rabi da 'ya'yanta tara, da sayar da abinci ta riƙe su. Muna koyar da littafin a aji, muna yaba jarumtar Rabi, muna ba da maki, sannan mu fito mu wuce Rabi goma a bakin ƙofar jami'a ba mu ko waiwaya ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka ga abin da muke nema. Na farko, sarakunan Hausawa da kwamitocin masallatai su dubi azuzuwan Islamiyya da ke zama a rufe da safe, su mayar da ɗaya ɗakin raino, a ɗauki dattijai mata da zawarawa amintattu a riƙa biyansu daga ɗan abin da iyaye za su tara kamar adashi. Da jifa ɗaya an sama wa wasu aiki, an kuma kwance wa wasu ƙafa. Na biyu, masu makarantu da shaguna daga cikinmu su raba gurbi ɗaya gida biyu, wata ta yi safe wata ta yi yamma. Na uku, mu malaman Hausa, ayyukan fassara da gyaran rubutu da buga takardu da ke zuwa hannunmu mu riƙa miƙa wa tsofaffin ɗalibanmu masu goyo, a biya su a kan kowane shafi kuma a kan lokaci, mu kuma matsa wa hukumomin jami'o'i su tanadi ɗakin raino mai sauƙin kuɗi kusa da azuzuwa. Na huɗu, Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, don haka shugabanninmu su je ƙananan hukumomi su nemi a buɗe irin waɗannan azuzuwa a makarantun firamaren unguwanninmu, ai haƙƙi ne ba roƙo ba.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Al'ummar da ta kashe shekara goma sha shida tana ilimantar da yarinya, sannan ta bari ilimin ya ruɓe a akwati don an rasa mai riƙon jariri na sa'a biyar, ita ta yi asara kafin yarinyar. Duk wanda zai sake tambayar wata uwa dalilin da ya sa ba ta aiki, to ya fara gaya mata wanda zai riƙe mata goyon. Allah ya sa mu gane, ya ba mu ikon gyarawa, amin.