Wa Zai Raka Baƙo Kan Duwatsunmu?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, tun 1991 Dutse take babban birnin Jigawa, amma in baƙo ya sauka Takur ya hangi duwatsun nan, wane ne cikinmu zai hau da shi?

A Birnin Kudu, Dutsen Habude da Dutsen Mesa na ɗauke da zanen shanu na mutanen dā, ga duwatsu masu amo kamar kuge. Bature, Bernard Fagg, ya rubuta labarinsu tun shekarun 1950. Mu 'yan ƙasa kuwa, kaico, sai mu yi karo-karo mu tafi Yankari kallon giwa!

Lalle ƙungiyarmu ta horar da 'yan rakiya daga cikinmu, masu sanin tarihi da hanyar dutse, tun kafin masu kankara sunayensu da ƙusa su shafe zanen.