Cunkoson da Ba a Gani Daga Tsamiya

"Babu netwok." Amsar da mai POS a Tsamiya ta Bagudo ke bai wa manomin da ya sayar da shinkafarsa ke nan, alhali wayar na nuna sabis a cike. Sau da yawa matsalar tana can nesa, a bakin ƙofar rumbun bayanan banki.

Kowane babban rumbu yana da manhajar da aikinta jiran masu sallama. Ta rumbun Oracle tana zama a ƙofa mai lamba 1521, ta PostgreSQL a 5432. Kamar dogarin ƙofar fada take: ta karɓi baƙo, ta miƙa shi ciki a duba sunansa da kalmar sirri, ta dawo ta tari na gaba. Wayar manomi ba ta zuwa nan da kanta, kwamfutocin banki ne ke shiga a madadinta. Amma kowace sabuwar shiga tana cin ƙarfin na'ura, kuma gurbin a ƙidaye yake. PostgreSQL, in ba a ƙara mata ba, 100 take ɗauka a lokaci guda.

Shi ya sa ƙwararru ke barin wasu layuka a buɗe kullum, dubban buƙatu su riƙa bi ta cikinsu ɗaya bayan ɗaya, sannan su ƙayyade yawan masu shiga a kowace daƙiƙa. Inda aka yi sakaci da wannan, ranar turmutsutsu ƙofa ke toshewa. An ga alamar hakan a farkon 2023, da takardun naira suka yi wuya kowa ya koma turawa ta waya.

Mutanen Bagudo sun fi wasu shan wahalar. A bakin iyaka, irin su Lolo da Tsamiya, sabis kan yanke ana tsakiyar ciniki, wani lokacin ma wayar ta kama layin Benin. Mai POS ya sake dannawa, ya kuma sake. Ba laifinsa ba ne, amma kowace dannawa wani nauyi ne a ƙofar da ta riga ta cika.

Hukumomi ma da nasu laifin wajen haddasa irin wannan cunkoso. A Disamban 2020 aka ba ƙasa sukutum mako biyu ta haɗa layukan waya da NIN, sai da aka yi ta ɗaga wa'adin. Ya kamata irin wannan aiki a raba shi jiha-jiha. Bankuna kuma su gwada manhajojinsu a garuruwan Bagudo irin su Kaoje da Illo kafin su sake su, kuma na'urar POS ta riƙa faɗa wa mai ita da Hausa cewa buƙatarsa tana kan layi, kada ya sake dannawa.