Kifin Falo Ya Mutu, Wai Kishiya Ce

'Yan uwa marubuta, da kifayen ado na cikin gilashi sun wayi gari a mace, sai mu ce baki ne. A littattafanmu ma kishiya muke ɗora wa, baiwar Allah. Alhali sau da yawa mu muka kashe su.

Mun juye musu ruwan famfo kai tsaye, kulorin ɗin ciki ya hallaka su. Ko mun zabga abinci, ragowar ta ruɓe ta zama amoniya. Ko an ɗauke wuta, injin iska ya tsaya, da asuba suna saman ruwa suna haki.

Mu bar ruwan famfo ya kwana a bokiti tukuna, kuma kwata kawai za mu canza, ba duka ba.